Yadda Ake Raba Rogo da Gubarsa

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni hutu wurin goggona, a wani ƙauye kudu da Lafiya, kuma a can na fara ganin yadda ake garin kwaki daga rogo. A bayan madafarta akwai buhuna uku, an ɗaure bakinsu tam, an gitta musu katako an danne da manyan duwatsu. Wani farin ruwa kamar tsinkakken nono yana tsatsafowa daga jikinsu, yana bin 'yar kwata zuwa wani rami da aka kewaye da ƙaya. Aikin da aka ba ni shi ne korar awaki. Da na gaji da zaman gadi na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Ɗan nan, duk akuyar da ta kafa kai a ruwan nan ba za ta ga la'asar ba." Na ce, "To Goggo, mu da za mu ci garin fa?" Ta ce, "Ai shi ya sa muke jira. Yau ba a taɓa shi, gobe ba a taɓa shi, sai jibi."

Goggo ba ta taɓa jin sunan sinadarin da take yaƙi da shi ba, amma duk matakin da take bi masana sun auna sun tarar yana kan hanya. Na fi son in bayyana dalilin kowane mataki a kan in jera su kawai, domin wadda ta san dalili ita ce ba ta tsallake komai ranar da kasuwa ke kira ko yunwa ta matsa.

Abin da ke ɓoye a cikin saiwar

Rogo baƙo ne a wurinmu. Asalinsa Kudancin Amurka, yankin Barazil, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar tekun Afirka a ƙarni na 16. Ya daɗe bai samu shiga sosai a Afirka ta Yamma ba, saboda tsiron ya riga ilimin sarrafa shi isowa. Sai a ƙarni na 19, da 'yantattun bayi suka dawo daga Barazil suka zauna a Legas da garuruwan gaɓar Dahome, dabarar gurzawa da matsewa da tuyawa ta bazu, har ta zama garin da muka sani. Yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara. Mu a ƙasar Hausa da ɗan rogon fadama mai zaƙi muka saba, wanda yaro zai ɓare ya gartsa ɗanye. Wannan sabon ne yake ba ni tsoro, domin ba kowane rogo ne yake yafe irin wannan cin ba.

A cikin kowane rogo, mai zaƙi da mai ɗaci, akwai wani sinadari da ake kira linamarin, da ɗan ƙanensa lotaustiralin wanda bai kai kashi goma cikin ɗari na jimillarsu ba. Linamarin kamar ƙulli yake: sukari ne aka ɗaure shi da guba. Muddin ƙullin yana ɗaure, gubar ba ta fita. Mai kwance shi wani sinadari ne na daban, linamares, kuma Allah ya ajiye su a cikin saiwa ɗaya amma ba ɗaki ɗaya ba. Saiwar cike take da mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani, linamarin yana can ciki, linamares yana jikin bango. Ranar da gafiya ko biri ko wuƙa suka fasa ɗakunan, sai su haɗu. Sukarin ya rabu, a bar wani abu mai suna sayanohaidirin, shi kuma ya sake tsagewa ya saki iskar sayanaid. Makamin tsiron ke nan na kare kansa, shi ya sa manoma da yawa suke son mai ɗaci, don dabbobi da ɓarayin gona ba sa yi masa ɓarna.

Sayanaid ɗin nan yana tashi ya bi iska da zafi ya kai digiri 26 kacal, wanda ko inuwar Sakkwato ta fi shi zafi a yawancin shekara. Ke nan korarsa ba wuya. Wuyar tana wajen kwance ƙullin. Wuta ba ta fasa linamarin ko da ruwa ya tafasa, amma tana kashe linamares da zarar zafi ya haura digiri 70 da 'yan kai. Duk wanda ya kai rogo mai ɗaci wuta kafin ya fasa shi ya jira, ya kashe mai kwancewa ya bar ƙullin, kuma a cikin hanjinsa wani ɓangare zai kwance. Don haka jerin aikin ba ya sauyawa: a fasa, a ba shi lokaci yana da danshi, sannan wuta ko rana.

Ga ma'auni. Rogon da ake kira mai zaƙi yana iya sakin ƙasa da miligiram 50 na sayanaid a kowane kilo, mai ɗaci kuwa yakan kai 400, wani ma ya wuce. Ƙa'idar abinci da hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa ita ce kada garin rogo ya wuce miligiram 10 a kilo. Abin da ke iya kisa yana farawa daga rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin mutum. Yi lissafin yaro mai kilo 15: miligiram bakwai da rabi ya isa ya jefa shi cikin haɗari, alhali gutsuren rogo mai ɗaci da bai fi giram 100 ba yana iya ɗauke da ninkin wannan sau biyu ko fiye. Harshe yana taimakawa, domin yawanci mai ɗaci shi ne mai guba, sai dai ba alƙali ba ne. Iri ɗaya da ka ci lafiya bara yana iya yin ƙarfi bana, domin fari yana sa rogo ya tara linamarin.

Gari, daga tono zuwa kasko

A tono rogon da za a iya gamawa da shi a ranar ko washegari. Bayan kwana biyu zuwa uku za ka ga zane-zanen shuɗi da baƙi sun ratsa cikinsa. Wannan aikin wani sinadarin ne, sikofoletin, da saiwar ke tarawa idan an ji mata rauni. Ba shi ne gubar da muke magana a kai ba, amma yana ɓata launi da ɗanɗano.

Ɓawon rogo biyu ne: siririn ruwan ƙasa na waje, da mai kauri na ƙarƙashinsa, fari ko mai ɗan ja-ja. Na biyun ya fi tsokar guba nesa ba kusa ba. A datse kai da gindi, a tsaga ɓawon a tsaye da bakin wuƙa, a ɓanɓare shi gaba ɗaya. Kankarewa sama-sama irin ta dankali ba ta wadatar. A wanke sau biyu, don yashin da ya shiga gari daga nan yake shiga.

Sai gurzawa, ko a magogi, wato gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa aka kafa a katako, ko a inji. Nan ne rabin aikin yake. Iya laushin gurzar, iya yawan ɗakunan da suka fashe. Duk gutsuren da ya tsira bai gurzu ba, ƙulli ne da ba a kwance ba, a tsince shi a sake gurzawa. Idan mai inji yana sauri yana sako miki da gudaji-gudaji, ki ce ya maimaita, kuɗinki kika biya.

A zuba a buhun da ruwa ke iya fita, a ɗaure, a jingine a inuwa. A ranar farko kada a danne da nauyi sosai, domin linamares ba ya aiki sai da ruwa, kuma a sa'o'in farkon nan ne yake kwance mafi yawan ƙullin. Daga nan ƙwayoyin halitta masu kawo tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su karɓi aiki, su ba garin ƙamshinsa da ɗan tsaminsa. Kwana biyu cikakku shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi kwanciyar hankali, da hunturu kuma a ƙara kwana ɗaya don sanyi yana rage wa aikin sauri. Garin Ijabu da ake yabo wajen jiƙawa, daɗewar da yake yi a buhu ce ta ba shi tsaminsa.

Kwanakin nan ne mutane suka fi yi wa rowa, kuma an ga abin da rowar ke haifarwa. A shekarar 1938 wani likita ɗan Italiya, Giovanni Trolli, ya ba da bayanin wata cuta a ƙasar Kwango wadda mutanen Yaka ke kira konzo, ma'ana ɗaurarrun ƙafafu. Yaro ko mace mai shayarwa za su kwanta lafiya, a wayi gari ƙafafu sun sandare, kuma ba sa komawa daidai har abada. Da masu bincike suka bi sawun cutar a yankin Bandundu, sai suka tarar matan wurin sun gaji jiƙa rogo kwana uku, amma da aka shimfiɗa kwalta zuwa Kinshasa motocin 'yan kasuwa suka fara jira a bakin hanya, sai jiƙon ya koma kwana ɗaya ko biyu. A 1981 kuma, a lardin Nampula na Mozambik, fari ya cinye komai sai rogo mai ɗaci, mutane suka riƙa ci ba su jira ba, fiye da mutum 1,100 suka shanye. An ga cutar a Tanzaniya da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da gabashin Kamaru. Babu inda aka manta yadda ake yi. Ko'ina yunwa ce ko kasuwa ta sa aka gajarta.

Mu koma kan buhunmu. Ranar ƙarshe ta jira a matse da gaske, da duwatsu ko da jak ɗin mota tsakanin katakai biyu, har ɗigar ta tsaya. Gwajin Goggo shi ne ta damƙi cikin hannu ta matse: in ruwa ya fito tsakanin yatsu da saura, in ya dunƙule sannan ya wargaje da ta taɓa shi da babban yatsa, ya yi. Ruwan da ya fita a bi da shi rami mai shinge, nesa da rijiya da kududdufi, nesa da yara da dabbobi. Abin sha'awa, a jihar Para ta Barazil wannan ruwan ne suke barin ya kwanta, su daɗe suna tafasa shi har gubar ta ƙare, ya zama romon da suke kira tukupi. Ɓawon ma kada a watsa wa awaki ɗanye, a shanya shi kwanaki ya bushe ƙayau tukuna.

A marmasa dunƙulen a tankaɗe a rariya, a fitar da zare da gudaji. Sannan tuya. Kasko mai faɗi ake so, a zuba kaɗan-kaɗan, a riƙa juyawa da sakaina ana dannawa ana bazawa. Da farko wuta marar ƙarfi, don ƙwayoyin su dahu da ruwan jikinsu, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye, garin ya ƙi kumbura a ruwa. Da ya fara warwarewa a ƙara wuta ya bushe. Akwai dalilin da ya sa tuyar nan ba ta son ha'inci: tsamin da garin ya yi a buhu yana riƙe sayanohaidirin ya hana shi tsagewa, zafin kasko ne yake ƙarasa shi. Garin da aka sauke da danshi don ya yi nauyi a mudu, da sauran gubarsa aka sauke shi.

Tururin da ke tashi daga kaskon kuwa a cikinsa ne gubar take fita. Na tuna idanun Goggo jajur da yamma, tana ɗaure kai da ɗankwali tana cewa hayaƙin itace ne. Ba hayaƙin itace kaɗai ba ne. A yi tuya a fili ko a rumfar da ba ta da bango, mai tuya ta ba iska baya, kuma don Allah a sauke goyo a miƙa wa wani kafin a zauna gaban kasko.

Garin da ya soyu yana zuba kamar yashi, yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Mai son ja ya sa ɗan manja, yana ƙara launi da sinadarin bitamin A, amma ba ya maye gurbin kwana ko ɗaya na jira. A baza ya huce kafin a ɗura a buhu. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen rogo ne ke ba da kilo ɗaya, kuma idan an bi hanyar nan abin da ke saura na gubar wajen kashi biyu ne cikin ɗari.

Alabo, inda muka fi rauni

Hanyar da na fi gani a arewa ita ce a fere, a yayyanka, a baza a rana, wani lokaci a gefen kwalta, in ya bushe a kai niƙa. Ita ce mafi sauƙi kuma ita ce mafi rauni. Wuƙa ɗakunan da ta ratsa kawai take fasawa, sauran suna nan a rufe. Ranarmu mai ƙarfi kuma, wadda muke ganin gata ce, tana zuƙe ruwan tun linamares bai yi nisa ba. An auna an ga irin wannan shanya tana barin rubu'i zuwa sulusin gubar. Tun da kuma wajen kilo uku na ɗanye ne ke komawa kilo ɗaya na alabo, abin da ya rage ya taru wuri ɗaya, sai ƙarfin garin ya yi kusa da na ɗanyen rogon da aka fara da shi. Da rogo mai zaƙi sosai ana tsira. Da mai ɗaci, tuwon dare ɗaya yana iya kwantar da gida.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Bayan fira a yanka gunduwa-gunduwa, a zuba a randa ko baho, ruwa ya shanye kansa, a bar shi kwana uku zuwa biyar. Alamar ya yi ita ce ka matsa da yatsa ya lotse, zaren tsakiya ya zare ba gardama, ruwan ya yi kumfa da wari. Jiƙon yana ruɓar da bangon ɗakunan, ƙullin ya kwance, sauran linamarin kuma ya narke ya bi ruwa. A zubar da ruwan, a marmasa, a matse, sannan a shanya a tabarma ko leda a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa. Haka Yarbawa ke yin lafun.

In kuwa a kasuwa kika auno alabon ba ki san hannun da ya yi shi ba, akwai dabarar da wani masani a Ostareliya, Howard Bradbury, ya fito da ita a 2005. Ki zuba garin a kwano ki yi alama a inda ya tsaya. Ki riƙa zuba ruwa kina cuɗawa: zai fara sauka, sannan ya taso, ki tsaya idan ya dawo kan alamar, ya jiƙu ko'ina amma bai zama kunu ba. Ki baza shi a faranti ko tabarma, kaurinsa kada ya wuce santimita ɗaya, kamar faɗin farce. Sa'a biyu a rana, ko biyar a inuwa, sannan ki tuƙa tuwonki ko ki kwaɓa ɗanwakenki a ranar. Linamares ɗin da rana ta busar bai mutu ba, barci yake, ruwan ne ke tashinsa. Dabarar tana rage gubar ninki uku zuwa shida, kuma a ƙauyukan Kwango da aka koya wa mata ita an daina samun sabbin masu konzo. Ki jiƙa da hantsi, kafin azahar ya gama.

Dafaffe, da abin da ake ci da shi

Rogo mai zaƙi kaɗai ake dafawa a ci. A yanka ƙanana, domin a dafuwa ruwa ne ke janye linamarin, kuma babban gunduwa tsakiyarsa ba ta saki. Ruwa ya yi yawa, tukunya a buɗe, a tsiyaye ruwan a zubar, kada a yi miya da shi. In an ɗanɗana bayan ya dahu aka ji ɗaci, a haƙura da shi duka. Gashi da suya ba su da ruwan da zai ɗebi komai. Ɗanye kuwa, ni dai ba na ba yaro, ko daga gonar wa ya fito.

Ɗan sayanaid ɗin da ya tsira ya shiga jiki, hanta ce ke ji da shi. Tana ɗaura masa sinadarin farar wuta ta mayar da shi tayosayanet, ya fita a fitsari, kuma farar wutar daga abinci mai gina jiki take samunta. Rogo kusan babu wannan a jikinsa, kashi ɗaya zuwa biyu ne cikin ɗari. Ke nan masu tallan dafaffen rogo da garin ƙuli-ƙuli sun yi daidai, haka mai jiƙa kwaki da gyaɗa da madara, haka mai haɗa teba da kifi ko wake. Wanda ya shekara yana cin rogo gaya, shi ne abin ke tarar wa a hankali. Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi nazarin irin waɗannan a shekarun 1960 a yankin Epe da Ijabu: manya ne da gani da ji suka ragu, tafin ƙafa ya mutu, tafiya ta koma tangaɗi. Tayosayanet ɗin kuma yana tare wa aidin hanya a maƙogwaro, yana taimaka wa maƙoƙo, don haka gidan da ake yawan cin rogo gishirinsa ya zama mai aidin.

Idan aka ci rogo ko tuwon alabo, bayan 'yan sa'o'i mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai da jiri da amai da murɗar ciki, numfashi yana sauri, jiki ya saki, kada a tsaya ɗura manja ko nono ana jiran a ga abin da hali zai yi. Sayanaid yana hana jiki amfani da iskar da ake shaƙa, kuma ƙananan yara yake fara kayarwa. A kwashi duk wanda ya ci, har wanda bai fara nuna alama ba, a nufi asibiti mafi kusa. Akwai alluran da ke karya shi, irin su haidiroksokobalamin da sodiyam tayosalfet, kuma amfaninsu yana ga saurin zuwa. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki. A riƙo ragowar abincin da garin da aka tuƙa shi da shi, a hana kowa taɓa sauran buhun, kuma tun daga bakin ƙofa a faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa rogo aka ci, da ƙarfe nawa aka ci shi.